Ruwa Ko Wuta: Shekara 170 Ana Gardama Kan Dutse Guda

In ka tsaya inda ake fasa dutse don zuba kankare, ka ɗauki tsakuwa ɗaya ka juya ta a rana, za ka ga ashe ba abu ɗaya ba ce. Akwai ƙwayoyi masu kama da gilashin da ya yi hazo, akwai farare ko masu ja-ja, akwai kuma baƙaƙe masu walƙiya waɗanda farce ke iya ɓantara. Masana suna kiran na farko kwaz, na biyu felsifa, na uku maika. Dutsen da ya haɗa su ukun shi ne giranit. Irinsa ne Kufena ta Zariya, irinsa ne mafi yawan duwatsun Jos, kuma babban kaso na ƙashin bayan nahiyoyin duniya da shi aka gina.

Ta yaya wannan dutse ya samu? Tambayar kamar ta yara, amma daga 1785 zuwa 1958 manyan masana sun yi ta sa-in-sa a kanta. Abin da ya kashe bakin gardamar shi ne mutanen da suka yarda su dafa dutse da hannunsu, su auna zafi da matsi, su rubuta abin da suka gani.

Malamin Freiberg da manomin Edinbara

A ƙarshen ƙarni na 18 babu malamin duwatsu da ya kai Abraham Werner suna a Turai. Tun 1775 yake koyarwa a makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg a Jamus, ɗalibai na zuwa masa daga ƙasashe daban-daban. Abin da yake koya musu shi ne, a farko wani teku ya lulluɓe duniya baki ɗaya, ruwansa cike da sinadarai. Da tafiya ta yi tafiya sai sinadaran suka riƙa kwanciya a ƙasa kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan roba. Giranit ne ya fara kwanciya, saboda haka shi ne babban yaya, sauran duwatsu suka biyo baya a kansa. Ba maganar banza ba ce a zamaninta. Kowa ya ga gishiri yana fitowa ƙwaya-ƙwaya idan ruwa ya ƙafe, ga shi kuma giranit ƙwayoyi ne.

A Edinbara ta ƙasar Sikotilan akwai wani mutum, James Hutton, wanda ya karanta likitanci amma ya koma noma. A 1785 ya gabatar wa ƙungiyar masanan birnin ra'ayinsa cewa akwai zafi mai tsanani a cikin ƙasa, kuma giranit narkakken dutse ne da ya kutso daga ƙasa ya daskare. A wannan shekarar ya tafi wani kwari mai suna Glen Tilt neman shaida. A can ya tarar da jijiyoyin jan giranit sun ratsa cikin wani baƙin dutse, sun shiga kowace tsaga. Abin da ya shiga tsaga dole ya taɓa zama ruwa-ruwa, kuma dole ya tarar da abin da ya tsaga a wurin. An ce murnar da ya yi ta sa 'yan rakiyarsa suka zaci zinariya ko azurfa ya tsinta.

Mutanen Werner ba su yi shiru ba. Suka kawo hujja biyu masu nauyi, duka daga ilimin sinadarai. Ta farko, duk wanda ya narkar da dutse a maƙera ya bar shi ya huce, gilashi yake samu, babu ƙwaya ko ɗaya. Ta biyu, dutsen farar ƙasa ba ya jure wuta. Da zarar zafi ya kai wajen digiri 900 sai iskar kabon ta fice daga cikinsa ya rugurguje, kamar yadda ake yi masa yau a masana'antun siminti na Sakkwato da Ashaka. To in da cikin ƙasa wuta ce, yaya aka yi ake samun mabul, wanda farar ƙasa ce mai tauri da ƙwayoyi? Hutton ya amsa cewa nauyin duwatsun da ke sama shi ke hana iskar fita. Amma magana ce ta baki.

Farar ƙasa a bututun bindiga

Hutton yana da wani aboki matashi, James Hall, wanda ya ce a gwada mana. Hutton bai so ba. A ganinsa ƙaramar tukunyar ɗakin gwaji ba za ta iya kwaikwayon aikin ƙasa ba, kuma idan gwajin ya ƙi, abokan gardama za su yi masa dariya. Hall ya girmama dattijon, ya dakata har bayan rasuwarsa a 1797.

Dama Hall ya taɓa lura da wani abu a masana'antar kwalba ta Leith, kusa da Edinbara. An yi kuskure an bar narkakken gilashi ya huce a hankali, sai ya fito kamar dutse, ba a ganin komai ta cikinsa. Da ya sami dama sai ya narkar da basal, baƙin dutsen nan irin na aman wuta. Wanda ya sanyaya da sauri ya zama gilashi. Wanda ya bari ya huce sannu a hankali ya fito da ƙwayoyi. Ya bayyana sakamakon a 1798. Hujja ta farko ta faɗi: ƙwayoyi lokaci suke bukata kafin su girma.

Hujja ta biyu ta fi wahala. Hall ya riƙa cusa garin farar ƙasa a bututun bindiga, ya toshe bakin da ƙarfe, ya tura shi cikin wuta. Wasu bututan suka yi yoyo, wasu suka fashe. Daga 1798 zuwa 1805 ya yi gwaji sama da 500. A ƙarshe ya fasa bututu ya tarar garin ya dunƙule ya zama abu mai tauri mai kama da mabul, iskarsa na nan a ciki. Duk mai shan lemon kwalba ya san wannan: muddin marfi na rufe, iskar tana zaune cikin ruwan. Daga nan aka gane cewa ba a tambayar abin da wuta za ta yi wa dutse sai an haɗa da tambayar irin matsin da yake ciki.

Ana cikin haka wasu manyan ɗaliban Werner, irin su Leopold von Buch, suka je yankin Auvergne na Faransa suka ga basal ya malalo daga bakin matattun duwatsun aman wuta. Gani ya kori ji. A kan basal an gama magana. Giranit ne ya ƙi.

Matsalar kwaz

Ga inda gizo ke saƙa. Kwaz ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700. Felsifa tana narkewa tun a wajen 1,100 zuwa 1,200. In giranit narkakke ne da ya huce, hankali zai ce kwaz ne zai fara daskarewa. Amma in aka duba dutsen, kwaz ne ke cike gurbin da sauran suka bari, alamar shi ya zo ƙarshe. Masu ra'ayin ruwa suka riƙe wannan hujja shekaru da dama.

Robert Bunsen, masanin sinadarai na Jamus, shi ya warware ta a 1861. Ya ce narkakken dutse gauraye ne, kuma abu a cikin gauraye ba ya bin dokar da yake bi in yana shi kaɗai. Masu gyaran waya da rediyo suna aiki da wannan gaskiya kullum. Dalma zalla tana narkewa a digiri 327, kuza zalla a 232. Amma in aka haɗa kuza kashi 63 da dalma kashi 37, haɗin yana narkewa a 183, ƙasa da kowannensu. Shi ya sa ɗan ƙarfen liƙi ke iya narkar da shi ba tare da ya ƙona wayar ba.

Shekara uku kafin haka, a 1858, wani ɗan Ingila daga Sheffield, Henry Sorby, ya buga abin da ya gani bayan ya goge duwatsu har suka yi sirantar da haske ke ratsa su, ya duba su a madubin ƙara girma. A cikin kwaz ɗin giranit ya ga 'yan mitsi-mitsin ramuka masu ɗauke da ruwa, wasu har da kumfa tana motsi. Ashe dutsen da ake cewa ɗan wuta ne akwai ruwa a cikinsa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lissafin da ba a karanta ba

Abin da ya rage shi ne doka wadda za ta faɗi abin da gauraye zai zama a kowane zafi da matsi. Wanda ya kawo ta bai taɓa zama mai haƙar dutse ba. Josiah Willard Gibbs malamin lissafi ne a jami'ar Yale ta Amurka, mutum mai shiru-shiru. Tsakanin 1875 da 1878 ya buga wani dogon rubutu mai shafi kusan 300 a mujallar wata ƙaramar ƙungiyar masana ta jihar Connecticut. Kaɗan ne suka karanta, waɗanda suka gane sun fi haka ƙaranci. Sai a 1892 aka fassara shi zuwa Jamusanci, a 1899 zuwa Faransanci, sannan Turai ta farga.

Gibbs ya nuna cewa a kowane zafi da matsi, sinadarai suna karkata ne zuwa tsarin da ya fi ƙarancin wani ma'auni na makamashi, wanda yau ake kira da sunansa, kamar yadda ruwan sama ke neman kwari. Daga nan ya fitar da wata gajeriyar ƙa'ida. Ƙirga sinadaran da ke cikin abu, cire yawan siffofin da suke zaune tare, ƙara biyu. Amsar ita ce yawan abubuwan da kake da 'yancin canzawa. Ɗauki ruwa, sinadari guda. In ruwa ne kaɗai, kana iya juya zafi da matsi yadda ka so. In ruwa da tururi suna tare, ɗaya kawai za ka zaɓa, ɗayan ya bi. Shi ya sa ruwa ke tafasa a digiri 100 a Legas amma a wajen 96 a Jos, inda matsin iska ya ragu. In kuwa ƙanƙara da ruwa da tururi suna tare, babu zaɓi: zafi ɗaya ne, matsi ɗaya.

Amfanin wannan ga mai nazarin dutse shi ne ana iya karanta ƙa'idar daga baya zuwa gaba. Gwargwadon yawan ma'adinan da aka samu suna zaune tare a dutse, gwargwadon ƙuncin yanayin da ya haife su. Wani matashi a Nowe, Victor Goldschmidt, ya nuna haka a 1911 yana ɗan shekara 23. Ya yi nazarin duwatsun da ke kewaye da birnin Kristiania, wato Oslo ta yau, waɗanda narkakken dutse ya gasa. Misalin da ya fi shahara da shi farar ƙasa ce mai yashi. A ƙaramin zafi, farar ƙasa da kwaz suna zaman lafiya gefe da gefe. In zafi ya wuce wani mataki sai su haɗu su zama sabon ma'adini mai suna wolastonait, iskar kabon ta fice. In matsi ya ƙaru, matakin zafin ma sai ya ƙaru, daidai da abin da Hall ya gani a bindigarsa. Dutse ya zama ma'aunin zafi wanda ya tsaya cak a kan lambar da ya taɓa kaiwa.

Bowen da tukunyar filatinam

A 1905 gidauniyar attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ta kafa ɗakin gwaje-gwaje a Washinton musamman don dafa duwatsu bisa ƙa'idar Gibbs. A 1910 wani ɗalibi ɗan Kanada, Norman Bowen, ya iso wurin. Dabarar da suke aiki da ita mai sauƙi ce. A haɗa garin sinadarai bisa awo, a naɗe a fallen filatinam, a rataye a murhun lantarki, a tsayar da zafi a lamba ɗaya na sa'o'i ko kwanaki. Sai a tsinke wayar, ƙullin ya faɗa cikin ruwan sanyi. Abin da yake narkakke ya zama gilashi nan take, abin da yake ƙwaya ya tsaya ƙwaya. A duba a madubi, a rubuta, a canza zafi, a sake. Gilashin da aka taɓa kafa hujja da shi a kan Hutton shi ya zama kayan aiki.

Bowen ya gano cewa narkakken basal, mai zafin wajen digiri 1,200, ba ya daskarewa lokaci guda. Ma'adinai masu ƙarfe da maganiziyam, irin su olibin, su ke fara fitowa. A 1915 ya nuna cewa ƙwayoyin olibin suna nutsewa zuwa ƙasan tukunya saboda nauyi. Wanda ya taɓa ajiye manja a kwalba da hunturu ya ga irin haka: wani sashe ya yi barci a ƙasa, wani yana nan ruwa a sama, kuma na saman ya bambanta da manjan da aka zuba. Haka narkakken dutse. Duk ƙwayar da ta fita ta tafi da abin da take so, sauran ruwan ya ƙara cika da abin da aka bari, wato silika da sodiyam da fotasiyam. Basal yana da silika wajen kashi 50 cikin 100, giranit yana da wajen 70. Bowen ya ce ashe giranit shi ne ɗigon ƙarshe na basal. Ya tsara jerin fitowar ma'adinai a 1922, ya tattara komai a littafinsa na 1928. Har gobe ana koyar da jerin a ajin farko na jami'a, kwaz yana can ƙasa, inda dutsen da kansa ya nuna.

Sai dai akwai giɓi. In ka tace basal ta wannan hanya, giranit ɗin da za ka samu bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Nahiyoyi kuwa cike suke da giranit. Ina tulin ragowar ya tafi? Kuma wane ɗaki aka share a cikin ƙasa da zai ɗauki narkakken dutse mai faɗin kilomita ɗari? Masana irin su H. H. Read na Landan suka ce yawancin giranit bai taɓa narkewa ba, tsofaffin duwatsu ne da wasu ruwaye masu zafi suka jiƙa har suka rikiɗe a inda suke. Ruwa ya dawo fagen fama da sabuwar riga. A Disambar 1947 ɓangarorin biyu suka haɗu a taro a Ottawa, aka tashi baram-baram. Read yana ganin wanda ya fi yawo a dawa ya fi sanin dutse, Bowen yana ganin ido kaɗai ba ya rarrabe zafi.

Ruwan da ke cikin wuta

Tun 1931 Roy Goranson, a wannan ɗakin gwaji na Washinton, ya nuna cewa narkakken giranit yana shanye ruwa da yawa idan an matsa shi. Abin da ya rage shi ne na'urar da za ta jure zafi da matsi tare ba tare da ta kashe mai ita ba. Abokin aikin Bowen, Frank Tuttle, ya ƙera ta a ƙarshen shekarun 1940: sandar ƙarfe mai rami, rufaffen kanta a cikin murhu, marfinta a waje inda yake sanyi, ana tura ruwa ciki da famfo. Jikanyar bindigar Hall ce.

Suka haɗa kwaz da felsifa iri biyu da ruwa, awo daban-daban, suka yi ta dafawa. A bushe, haɗin da ya fi saurin narkewa sai ya haura digiri 900. Da ruwa, a matsin da ya yi daidai da zurfin kilomita 15 ko kusa, ya sauko wajen 650. Suka kuma gano cewa wannan haɗi mai saurin narkewa kusan kashi uku ne daidai-wa-daida na kwaz da felsifa biyun. Sai suka ɗauko sakamakon awon duwatsu sama da 500 irin giranit daga sassan duniya, suka zana su a taswirar gwajinsu. Ɗigogin suka taru a wuri ɗaya, daidai kan wancan haɗi. In da jiƙa dutse ake yi ya zama giranit, babu dalilin da zai sa na Amurka da na Turai da na Asiya su zaɓi awo ɗaya. Narkewa ce kaɗai ke tilasta haka. An buga aikin a 1958, shekara biyu bayan rasuwar Bowen.

Sakamakon ya gyara wa Bowen nasa zancen ma. Digiri 650 zuwa 700 zafi ne da ake samu a ƙasan ɓawon nahiyoyi. Ke nan ba sai an tace basal ba. Tsohon dutse mai ɗan ruwa a jikinsa, in ya nutse ya yi zafi, ɗigon farko da zai tsatso daga cikinsa giranit ne. Yau an tafi a kan cewa yawancin giranit ta haka ya samu, wani kuma ta hanyar tacewa. Hutton ya yi gaskiya da ya ce wuta. Amma ba don ruwan da Sorby ya hango ba, da wutar ba ta isa ba.

Daga Washinton zuwa Riruwai

A shekarar 1958 ɗin nan, ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ta buga wani nazari na Jacobson da MacLeod da Black a kan duwatsun arewacin Nijeriya. Tun 1911 J. D. Falconer ya raba giranit ɗin yankin gida biyu. Akwai tsoho, mai shekara wajen miliyan 600, irin na Kufena. Akwai kuma ƙarami, irin na Jos da Bukuru da Riruwai ta jihar Kano, wanda shekarunsa ke tsakanin miliyan 140 da 200 da 'yan kai. Ƙananan suna zaune ne zobe-zobe, jerinsu ya miƙa arewa har duwatsun Azbin a Nijar, inda suka fi tsufa. Gindin matattun duwatsun aman wuta ne da zaizaya ta tone, kuma a wasu har yanzu ana ganin ragowar aman a tsakiyar zoben.

Ka'idar Bowen ta ɗigon ƙarshe ita ke bayyana dalilin da ya sa kuza take a nan. Ma'adinan da ke fara daskarewa ba su da gurbin da ya dace da kuza, saboda haka suna barin ta a ruwa. Tana ta taruwa tare da ruwa da fulorin har zuwa ƙarshe, sannan ruwan zafin ya kwashe ta ya zuba a tsagogin saman dutsen. Damina bayan damina ta farfasa dutsen ta tara kuzar a rafuka. A can maƙeran Riruwai suka same ta, suna narkarwa suna sayarwa sili-sili kamar tsinke tun kafin zuwan Turawa. A can kuma kamfanonin Ingila suka tono ta, tare da kwalambait wanda a shekarun 1950 Nijeriya ce ta fi kowa fitar da shi a duniya.

Yau aikin da Bowen ke yi a makonni manhaja ke yin sa a daƙiƙoƙi. THERMOCALC ta fito a 1988, MELTS a 1995. Ka ba MELTS awon sinadaran dutse da zafi da matsi, ta lalubo haɗin ma'adinan da ya fi ƙarancin ma'aunin Gibbs. Amma lambobin da suke lissafi da su daga murhu aka samo su, gwaji bayan gwaji, kuma inda ba a yi gwajin ba manhajar ƙiyasi take yi.

Litiyam ɗin da ake rububin tonowa yanzu a Nasarawa da Kaduna da Kwara shi ma ɗan wannan gida ne. Kamar kuza, ma'adinan farko ba sa karɓarsa, sai ya taru a ragowar narkakken giranit mai ruwa da yawa, wanda ke kutsawa cikin tsagogi ya daskare da manyan ƙwayoyi, wasu tsawon hannu. Ba kowane giranit ke kaiwa wannan mataki ba. Mafi yawansu sun daskare tun tacewar ba ta yi nisa ba, babu komai a cikinsu sai tsakuwar gini. Ana gane bambancin ta hanyar auna sinadaran felsifa da maika kafin a sa diga, kuma kuɗin awon bai kai na rami ɗaya da aka haƙa a banza ba.